Babur ɗin yayana yana hayaƙi, kuma saura mako uku ya dawo

Assalamu alaikum. Wata takwas ke nan da yayana ya yi tafiyar aiki, ya bar mini babur ɗinsa in riƙa zirga-zirga da shi. Ƙarami ne mai silinda ɗaya da kafireta, iska ke sanyaya shi, baƙin mansa daban fetur daban, kuma ya ci kilomita wajen 45,000. Wata biyu da suka wuce na ga ba ya ja kamar da, sai wani abokina ya ce salansar ce ta toshe. Muka kwance ta, ya zare hanjinta, muka mayar. Tun daga ranar ƙara ta yi yawa, in na saki totur a gangara kuwa sai ya riƙa harbi kamar bindiga. Yanzu kuma da safe yana fitar da shuɗin hayaƙi na 'yan mintuna, sannan ya daina. A ɗakin ajiyar da yake kwana nake tayar da shi, in bar shi ya yi zafi kafin in fito, kuma kwanan nan ina yawan ciwon kai da safe. Wani bakanike ya ce sabuwar salansa zan saya, wani ya ce sai an buɗe injin gaba ɗaya. Yaya zai dawo nan da mako uku, ban faɗa masa komai ba, kunya ta hana ni. Shin ni na kashe masa babur? Wane bakaniken zan bi? Ko in gyara a ɓoye in yi shiru?

Wa'alaikumus salam, ƙanena.

Zan fara da abin da ka jefa a tsakiyar wasiƙa kamar ba komai ba, wato ciwon kan nan. Daga gobe kada ka sake tayar da babur a cikin ɗaki. Tura shi waje tukuna, ko da ruwa ake tsugawa. A hayaƙin kowane injin fetur akwai wata iska mai guba da ake kira kabon monoksaid. Ba ta da launi, ba ta da wari, hancinka ba zai taɓa gaya maka tana nan ba. Jinin mutum kuwa yana kama ta fiye da yadda yake kama iskar oksijin sau sama da 200, shi ya sa kaɗan daga cikinta ke isa ta illata mutum. Lokacin da inji ya fi zubo ta shi ne daidai lokacin da kake tsaye a kansa, da sanyin safiya, an ja cok, fetur ya rinjayi iska. Ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala su ne sallamarta, kuma buɗe ƙofa kaɗai ba ya korarta. Idan akwai masu kwana a ɗakin da ke manne da wannan, musamman yara, tambaye su yadda suke tashi da safe. In ka koma tayarwa a fili amma ciwon kan bai bar ka ba, je ka ga likita, ka ba shi labarin ɗakin. Injin ma ba ya bukatar wannan doguwar jira. Minti ɗaya ko biyu ya ishe shi, ka hau ka tafi a hankali, sauran zafin a hanya zai same shi.

To, mu dawo kan babur. Ka ɗauki matsala biyu ka ɗaure su da igiya ɗaya saboda duka ta bakin salansa suke fitowa. Harbin nan da wuya in ba aikinku ba ne kai da abokinka. Hayaƙin kuma daga wani wuri yake tasowa, kuma ina kyautata zaton ko hannunku bai taɓa salansar ba da yana nan tafe.

Salansa ba ta haifar hayaƙi. Bututu ce da gwangwani, abin da inji ya ƙona ya turo shi take fitarwa, bayan ta rage masa ƙara da zafi. Duk wanda ya ga shuɗin hayaƙi ya ce a sayo sabuwar salansa, ya bar jaki yana dukan taiki. Ka ɗaura sabuwa fil yau, gobe da safe hayaƙin zai fito ta cikinta, har ma ya ɓata maka ita. Ba na cewa bakaniken farko mayaudari ne, wataƙila ƙarar ya ji ya yanke hukunci kafin ya saurari sauran bayanin. Amma a kan hayaƙi dai maganarsa ba ta ci ba.

Launin hayaƙi shi ne abin karantawa na farko. Baƙi na nufin fetur ya yi yawa, iska ta yi kaɗan: matatar iska ta cushe da ƙura, ko cok ya maƙale, ko kafireta na ambaliya. Fari marar kauri da ke watsewa nan take da sanyin safiya tururi ne kawai, ba ciwo ba. Fari mai kauri da ba ya yankewa, mai ɗan zaƙi-zaƙin wari, na baburan da ruwa ke sanyaya su ne, idan ruwan ya sami hanyar shiga silinda. Naka ba shi da wannan ruwan, don haka cire shi daga lissafi. Shuɗi kuwa baƙin mai ne ke ƙonewa a inda fetur kaɗai ya kamata ya ƙone. Abin tambaya shi ne ta ina yake shiga, kuma a nan lokacin fitowar hayaƙin ya fi launinsa amfani.

Ka ce da safe yake yi, na 'yan mintuna, sannan ya daina. Wannan jimlar ta fi duk sauran wasiƙar daraja a wurina. A saman silinda akwai bawul biyu, ɗaya na shigar da iska da fetur, ɗaya na fitar da hayaƙi. Kowanne yana da siririyar ƙafa da ke hawa da sauka a cikin rami, kuma a bakin ramin akwai 'yar roba kamar hular yatsa, aikinta ta share baƙin man da ke wanka a saman inji kada ya bi ƙafar ya gangara ciki. Shekaru da zafi suna busar da wannan roba ta yi tauri. In ta taurare, kai kana barci mai yana tsiyaya ɗigo-ɗigo yana taruwa. Da safe ka buga kik, abin da ya taru ya ƙone, hayaƙi ya turnuƙe, in ya ƙare sai sarari. Da ringin fistin ne ya cinye, ba haka zai yi maka ba. Shi ba ruwansa da safiya ko yamma, duk lokacin da ka murɗa totur zai yi hayaƙi, ya ƙaru in ka ɗauki kaya ko kana hawan tudu, kuma inji na ƙara zafi yana ƙara yi.

Kafin ka zargi ko ɗaya daga cikinsu, duba abin da ba ya cin ko sisi. Yaushe aka yi juye na ƙarshe, kuma wa ya yi? Tsayar da babur a miƙe a wuri mai shimfiɗe, inji a kashe na 'yan mintuna, ka zaro geji ka goge ka sake aunawa. In mai ya haura layin sama, ka kama ɓarawo ɗaya. Da yawa suna ganin ƙara mai alheri ne ga inji, alhali wanda ya wuce kima fantsama yake yi, ya bi tiyon numfashin inji ya shiga akwatin matatar iska, daga nan kafireta ta zuƙe shi. Buɗe akwatin ka shafa yatsa a ƙasansa. Babur da ya taɓa faɗuwa ya jima a kwance ma yakan tara mai a nan. In ka tarar da shi, goge, ka wanke ko ka canja matatar, ka daidaita man, ka ba shi kwana biyu ka gani.

Daga nan sai fulogi. Kwance shi inji na sanyi, ka kalli bakinsa a haske. Ruwan ƙasa-ƙasa busasshe, lafiya ke nan. Baƙi busasshe mai gari kamar na gindin tukunya, fetur ya yi yawa. Baƙi mai danshi da maiƙo, baƙin mai ne. Fari fat kamar alli, fetur ya yi kaɗan kuma inji na cin wuta. Riƙe wannan na ƙarshen a ranka, za mu dawo kansa.

Akwai gwaji na hanya da za ka yi da taimakon wani. Bayan inji ya yi zafi sosai, sa mutum ya biyo ka a baya da tazara. Sami gangara mai ɗan tsawo, ka saki totur gaba ɗaya kana cikin giya, in ka kai ƙasa ka murɗa. Idan wani dunƙulen shuɗin hayaƙi ya fito sau ɗaya ya wuce, robar bawul ce, domin sakin totur yana sa inji ya riƙa tsotsa da ƙarfi ta kowace kafa da ya samu. Idan kuwa hayaƙin ya bi ka kamar jela muddin kana ba shi wuta, ringi ne.

Bakanike na biyu ya fi kusa da gaskiya, tunda ya san ciwon a inji yake. Sai dai “a buɗe gaba ɗaya” babbar magana ce, kuma ba a yanka kafin a auna. Ka nemi wanda ke da agogon auna matsin silinda. Ana ɗaura shi a ramin fulogi, inji da ɗumi, totur a buɗe har ƙarshe, a buga kik sau da dama har allurar ta tsaya, a gwada da adadin da kamfanin babur ɗin ya rubuta. Idan matsin ya yi ƙasa, a zuba ƙaramin cokali ɗaya na baƙin mai ta ramin a sake bugawa. Ya tashi sosai, ringi ne, domin man ya toshe giɓin na ɗan lokaci. Bai motsa ba, bawul ne ba ya zama daidai, ko gasket ɗin kan silinda. Idan kuma matsin lafiya lau yake tun farko ga hayaƙin safe, to zance ya koma kan robar nan, don ita ba ta taɓa matsi. Canja ta aikin saman inji ne kawai, ba a taɓa ƙasa. Bakaniken da ya ji wannan bayanin ya fusata, ko ya ce shi da kunne yake aunawa, ka yi masa godiya ka tura babur ɗinka gaba.

Kana tambaya ko kai ka kashe shi. Bai mutu ba, balle a nemi wanda ya kashe. Inji mai kilomita 45,000 da robar bawul ta gaji ba abin mamaki ba ne, a hannun yayanka ma da hakan za ta faru. Amma ba zan wanke ka tas ba, ga dalili.

Kafireta a masana'anta aka daidaita ta da wannan salansar yadda take, da hanjinta. Fetur yana ƙonewa sarai ne in an ba kowane awo ɗaya nasa awo 14.7 na iska, a ma'aunin nauyi, kuma an zaɓi ƙananan ramukan da ke cikin kafireta ne bisa yawan iskar da ake sa ran za ta ratsa injin. Da kuka zare hanji kun canja lissafin ba tare da kun sanar da kafireta ba. Sau da yawa abin da ke biyo baya shi ne fetur ya yi ƙaranci, inji ya riƙa ɗaukar zafi fiye da ƙa'ida. Injin da iska kaɗai ke sanyaya shi ba shi da wata mafita. Wata biyu na irin wannan zafi zai iya ƙarasa robar da dama ta kusa. Dubi wuyan salansa, inda ya fito daga inji. Hayaƙin da ke bi ta nan yakan haura digiri 600 in ana gudu, don haka ɗan launin zinariya ko shuɗi-shuɗi kusa da inji ba laifi ba ne a bututu mai falle ɗaya. Amma in shuɗin ya yi duhu ya miƙe ƙasa sosai a cikin wata biyun nan, ko ka ga wuyan yana ja-ja da dare, ga kuma fulogi fari, to injin yana gasuwa, kuma ka rage hawa har a gyara.

Harbin kuma ga yadda yake. In ka saki totur kana gudu, ba duk fetur ɗin da ya shiga silinda ke kamawa ba, wani yana wucewa ɗanye ya shiga bututu mai zafi. Muddin babu iska a wurin, haka zai fice shiru. Da zarar iska ta samu shiga, sai ya kama a cikin bututun, ka ji tau-tau. Kun buɗe mata ƙofa ta baya da kuka zare hanji, kuma ina da yaƙinin kun buɗe mata ta gaba ma. Ka ce kun kwance kun mayar, ba ka ce kun sa sabon gasket ba. A bakin ramin da wuyan salansa ke shiga inji akwai wani zobe, na jan ƙarfe ko na wani abu mai laushi, wanda ɗauri ke murƙushewa ya cike giɓi. Sau ɗaya yake murƙushewa. Ka kwance ka mayar da shi, ya riga ya ba da abin da yake da shi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Gano yoyon ba wuya. Tun kafin ka tayar, duba kewayen wurin da kowace mahaɗa: hayaƙi ba ya fita bai bar sawu ba, za ka ga baƙin zane kamar an shafa gawayi. Sai ka tayar a fili, inji na sanyi, ka kasa kunne. Gasket mai yoyo yana yin wani tik-tik mai kaifi da ke bin bugun inji, ya ragu in ƙarfe ya yi zafi ya kumbura. A cikin rabin minti na farko kawo bayan hannunka kusa, ba tare da taɓawa ba, za ka ji iska na hura ka. Ko ka shafa ruwan sabulu ka ga inda ya yi kumfa. Ko ka dunƙule tsumma ka danne bakin salansa na daƙiƙa biyu: in ko'ina a rufe yake inji zai shaƙe ya nemi mutuwa, in kuwa ya ci gaba da harkarsa kana jin fiii a wani wuri, to can ne. Bayan minti ɗaya ka janye hannunka daga wurin kwata-kwata, ƙunar salansa ba ta da kyau.

In za a sa sabon zoben, ina roƙonka ka tsaya a wurin ko da ba kai ne mai aikin ba. Tun da dare a fesa wa notuna biyun da ke riƙe wuyan salansa a jikin inji man sassauta tsatsa, a kwance su da safe inji na sanyi. A tono tsohon zoben daga ramin da ƙaramin sukundireba. Yakan yi baƙi ya manne har ka rantse jikin inji ne, kuma na sha ganin an ɗora sabo a kan tsoho ana mamakin yoyo bai tsaya ba. A ɗan shafa wa sabon giris don ya zauna, a rataya salansar duka da hannu, kowane noti sako-sako, na gaba da na baya. Sannan a fara ɗaure na jikin inji, wannan kaɗan wancan kaɗan, har su zo daidai, a ƙarasa da na baya. Wanda ya fara ƙulle na baya ya riga ya karkatar da wuyan, zoben ba zai zauna ba. A babura da yawa farantin da notunan ke dannawa ba ya haɗuwa da jikin inji ko an gama ɗauri, akwai ɗan giɓi da ke saura, haka aka yi shi. Ni wannan giɓin ne ya taɓa cin mutuncina ina saurayi. Na ga sarari, na ce sai na rufe shi, na ƙara wa sifana ƙarfi. Ji na yi ƙas, sifana ta tafi sakayau a hannuna, rabin ƙusar yana cikin noti rabi yana cikin inji. Ƙusoshin sirara ne, galibi masu cin sifana lamba 10 ko 12, kuma a cikin alminiyam aka dasa su. Aikin rabin awa ya koma na kwana uku, da huda da sake yanka zare. Bayan an hau an dawo inji ya huce, a sake taɓa notunan kaɗan, domin sabon zobe yakan ƙara kwanciya.

Ina hanjin da kuka zare? In yana nan kuma da kusa ko noti aka riƙe shi, mayar da shi ka huta. In yanke shi aka yi, mai walda na iya mayarwa, amma a cire salansar daga jikin babur a kai masa ita kaɗai, nesa da tankin fetur, kuma a gaya masa akwai maiƙo a ciki don yana iya kamawa. Idan an jefar da shi, ko an farke gwangwanin yadda ba ya ɗinkuwa, a nan ne kaɗai maganar bakaniken farko ta sami wurin zama: ka sayi salansa irin ta asalin babur ɗin, kuma ka jira sai an tsayar da hayaƙin kafin ka ɗaura ta.

Na san akwai masu rantsuwa cewa babur ya fi gudu in an buɗe salansa. Kunne ne ke ruɗinsu. Tsawon bututun da faɗinsa da ɗakunan da ke cikin gwangwanin an auna su ne don bugun hayaƙin da ke fita ya taimaka wajen janyo na bayansa, kuma a ƙaramin inji irin naka abin da aka fi asara in an ɓata wannan awon shi ne ƙarfin tashi da na hawan tudu, wanda shi kake amfani da shi kullum. Kai da kanka ba ka ce ya ƙara ja ba, ƙara kawai ka ambata. Masana lafiyar kunne suna sa iyakar ƙarar da kunne zai jure a desibel 85 (ma'aunin ƙarfin ƙara ke nan) na awa takwas a rana, buɗaɗɗiyar salansa kuwa tana wuce nan cikin sauƙi, ga ta a ƙarƙashin kunnenka. Maƙwabtan da kake tayarwa da asuba ban ma sa su a lissafi ba.

Abin da ya kai ku ga wannan tun farko, wato rashin ja, har yanzu ba a taɓa shi ba. Abokinka ya ɗauko ilimin wani irin inji ne ya ɗora wa wani. Injin da ke ƙona baƙin mai tare da fetur, mai bugu biyu, shi ne gawayi ke cike wa salansa da ramin fitar hayaƙi har sai an kankare. Naka mai bugu huɗu ne, da wuya ya toshe haka, sai dai in wani abu ya karye a ciki ya tare hanya, ko babur ya daɗe a ajiye zanzaro ya yi gini a bakin bututun. Tunda kun zare hanji bai warke ba, ai ka ga ba nan gizo ke saƙa ba. A duba matatar iska, giɓin bawul, kulocin da ke zamewa, birkin da ke riƙewa, sarƙa, da iskar taya.

Kula da salansa kuwa ba wani dogon karatu ba ne, illa abu ɗaya da mutane ba su cika sani ba: daga ciki take ruɓewa. Kowace lita ta fetur da ta ƙone tana haifar da ruwa kusan lita guda, a matsayin tururi. In tafiya ta yi nisa bututu ya yi zafi, duk ya fice. In kuwa kullum 'yar gajeriyar tafiya ce, ko a tayar a bar shi a silo a kashe, tururin yana komawa ruwa ya kwanta a gindin gwangwani, ga shi da tsami, yana cin ƙarfe a ɓoye. Shi ya sa salansa da yawa ke da wani ɗan rami a ƙasanta. Ba lalacewa ba ce, kada a toshe shi, in ya cushe ma a zura waya a buɗe. Ko sau ɗaya a mako ka ba babur tafiyar da zai yi zafi sosai. Ka riƙa girgiza salansar da hannu tana sanyi: in tana lilo, noti ya saki ko robar marataya ta mutu, kuma nauyinta zai koma kan ƙusoshin inji har wuyan ya tsage. In ka ji kacau-kacau, fara da farantin da ke kare ƙafa daga zafi, shi ya fi yawan sakin noti. Wurin wanki a bari ta huce, a toshe bakinta da leda don kada ruwa ya shiga, a tuna a cire. Bayan an yi aiki a goge maiƙo da sawun yatsu kafin a tayar, in ba haka ba zafi zai buga su a jikin ƙarfen su zauna. Kuma in wata rana ka koma sabon babur mai injekta, wato mai fesa fetur a maimakon kafireta, kada ka bari kowa ya yi masa irin wannan tiyata, domin a cikin salansarsa akwai matatar hayaƙi da na'urar auna oksijin da kwamfutar injin ke dogara da ita.

Saura yayanka. Kira shi a makon nan, kafin a sa sifana a saman injin. Babur nasa ne, kuma canja zobe ko mayar da hanji gyaran ɓarnarka ne, ba sai ka nemi izini ba, amma buɗe inji hukuncin mai shi ne. Wataƙila yana da bakaniken da ya yarda da shi, wataƙila ma ya san da hayaƙin nan tun kafin ya tafi, ko ya san yaushe aka taɓa buɗe shi. Kana zaune kana cin kanka a kan abin da kalma biyu daga bakinsa za su warware. Gyaran ɓoye kuma ba ya ɓoyuwa ga wanda ya san abinsa. Mutumin da ya yi shekaru a kan babur, bugun kik ɗaya zai gaya masa an taɓa shi, ya ga sabon gasket da sawun sifana. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, kuma a ranar ba zancen salansa zai dame shi ba, shirun da ka yi ne.

Ba sai ka tsawaita ba. Ka ce: “Yaya, na yi kuskure a babur ɗinka. Na bari an zare hanjin salansa ban tambaye ka ba, ina kan mayarwa, kuma ni zan biya. Sannan yana shuɗin hayaƙi da safe, an auna matsi ga abin da aka samu, me kake so a yi?” Kada ka jingina laifin ga abokinka, kai aka ba amana. Kuɗin salansa da zobe naka ne, babu ja. Na robar bawul ko ringi kuwa tsufa ne, amma wata takwas kana mora, don haka ka yi tayin ɗauka gwargwadon ƙarfinka, ka bar shi ya ce a'a in ya ga dama. In ya yi faɗa ka saurara, yana da gaskiyarsa.

Mako uku ya isa. A kwana biyun farko ka gama da geji, matatar iska, fulogi da neman yoyo. Kafin mako ya fita a mayar da hanji da sabon zobe, a auna matsi, ka kira shi da sakamakon a hannu. Har zuwa lokacin ka riƙa duba baƙin mai kowace safiya kafin ka hau, don injin da ke shan mai ba hayaƙin ke kashe shi ba, ƙafewa ce. Kuma ka sanar da Yaya tun yanzu cewa ko bayan an gama gyaran, tsohuwar salansar za ta iya ci gaba da ɗan hayaƙi na wasu kwanaki, saboda man da ya riga ya kwanta a cikinta sai ya ƙone ya ƙare. Tafiya mai nisa sau biyu ko uku takan share shi.